Rigar Aro da Rigar Gado: Nazari kan Kiɗan Duke Ellington

A ranar 23 ga watan Janairu na shekarar 1943, Duke Ellington ya hau dandamalin Carnegie Hall a birnin Niyok tare da makaɗansa, ya gabatar da wani kiɗa mai tsawon kusan minti 45 da ya sa wa suna Black, Brown and Beige, wato baƙi da wankan tarwaɗa da mai hasken fata. Nufinsa shi ne ya ba da tarihin baƙar fatar Amurka da sauti, tun daga zamanin bauta har zuwa rayuwar unguwar Harlem. Jama'ar da ta cika zauren ta yi tafi, amma da gari ya waye jaridu suka fito, da yawa daga masu sharhi sun yi masa kaca-kaca. Masanan kiɗan Turai suka ce aikin ba shi da fasali. Wasu masoya jaz kuwa suka ce gwanin nasu ya bar gida ya tafi neman suna a gidan wasu. Bayan wasanni ƙalilan na wannan mako, Ellington bai sake kaɗa aikin gaba ɗayansa a bainar jama'a ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Wannan maƙala tana so ta nuna cewa ɓangarorin biyu duk sun auna shi da mudun da ba nasa ba. Haɗin da Ellington ya yi tsakanin jaz da rubutaccen kiɗan Turai ya fi inganci a inda ya ari dabarar rubutu da ta tsari ya shayar da su ga muryoyin mutanensa, ya kuma fi rauni a inda ya ari rigar Turai sukutum ya saka.

Hanyoyi biyu na haɗi

Kafin a yi nisa, ya kamata a bambance abubuwan da aka haɗa. A kiɗan da ake kira kilasik, mai tsarawa shi ke rubuta kowane sauti a takarda, makaɗa su karanta su kaɗa, ta yadda aikin da Beethoven ya rubuta a Biyana za a iya kaɗa shi a Tokiyo bayan shekara 200 ba tare da an sauya masa ginshiƙi ba. Jaz kuwa ya taso ne tsakanin baƙaƙen Amurka a farkon ƙarni na 20, daga bulus da waƙoƙin coci da kiɗan rawa, kuma darajar makaɗi a cikinsa tana ga abin da zai ƙirƙira nan take da kuma muryar da ba a iya ruɗa ta da ta wani. Mu da muka saba rarrabe rubutacciyar waƙa da waƙar baka ba za mu sha wuyar gane wannan tazara ba, ko da yake kwatancen yana da iyaka.

A shekarun 1920 an riga an fara haɗin, amma daga ɓangare guda. Bafaranshe Darius Milhaud ya fitar da La Création du monde a 1923 bayan ya saurari makaɗan Harlem. George Gershwin ya gabatar da Rhapsody in Blue a watan Fabrairu na 1924 tare da ƙungiyar Paul Whiteman. Maurice Ravel ya sa wa kashi na biyu na wani aikinsa na piyano da biyolin, wanda ya kammala a 1927, sunan bulus. A duk waɗannan ayyuka tukunyar ta Turai ce, jaz yaji ne da aka barbaɗa. Ellington ya biyo ta ɗaya hanyar: tukunyarsa ƙungiyar makaɗan rawa ce, abin da ya ɗebo daga Turai shi ne tunanin cewa ana iya zama a tsara aiki daga farkonsa zuwa ƙarshensa, kowane sauti da dalilinsa.

Asali da koyo

An haifi Edward Kennedy Ellington a Washinton ranar 29 ga Afrilu 1899, a gidan da uwa da uba duk suna taɓa piyano. Abokan ƙuruciyarsa suka laƙaba masa Duke, sarauta ce ta Turawa, saboda tsaftarsa da iya ɗaukar kai. An sa shi koyon piyano yana ɗan shekara bakwai, bai mai da hankali ba. Zane ya fi jan ransa, har ya sami gurbin karatu a makarantar Pratt ya ƙi zuwa. Kiɗan ya koye shi ne a ɗakunan wasa, yana kallon hannun manya. Bai taɓa zama ɗalibin babbar makarantar kiɗa ba. Abin da ya samu na ilimin Turai ya zo masa ta bakin dattawa irin su Will Marion Cook, baƙin Ba'amurke da ya yi karatun biyolin a Balin, wanda ya riƙa ba shi shawara a cikin hira.

Ya koma Niyok a 1923. Daga watan Disamba na 1927 zuwa 1931 ƙungiyarsa ce ke wasa a Cotton Club, gidan rawa a tsakiyar Harlem inda baƙaƙe ke kiɗa da rawa, fararen fata kaɗai ke zama kallo. Masu gidan suna tallar abin da sunan kiɗan daji, don su gamsar da masu kallon da ke ɗaukar Afirka a matsayin kurmi da tsiraici. Ellington ya karɓi aikin da wulaƙancin da ke cikinsa, ya mai da wurin makaranta. Kowane dare sai an raka masu rawa iri-iri, kuma gidan rediyo yana watsa wasan ga ƙasa baki ɗaya. Mai busa kakaki Bubber Miley da mai busa turombon Joe Nanton sun ƙware wajen toshe bakin abin busa da robar da masu gyaran famfo ke buɗe magudana da ita, har ƙarfe ya riƙa gurnani da kuka kamar maƙogwaron mutum.

Abin da ake iya faɗa cikin minti uku

Faifan garmaho na wancan zamani ba ya ɗaukar fiye da kimanin minti uku a kowace fuska. Wannan ƙunci shi ya horar da Ellington. A Mood Indigo na 1930 ya juya tsarin da aka gada. A al'ada kilarinet mai siririyar murya ita ke sama, kakaki a tsakiya, turombon a ƙasa. Shi kuwa ya ɗaga turombon sama, ya saukar da kilarinet can ƙasa, ya toshe bakin ƙarafan biyu, sai aka ji wani launi na sauti da kunne ba ya iya cewa daga wane abin busa ya fito. Irin wannan aiki na mai tsara kiɗa ne, wanda ya zauna ya yi lissafi, ko da yake a gidan rawa aka fara jin sa.

Turawa sun lura da wuri. Ƙungiyar ta je Landan da Faris a 1933, kuma a 1934 Ba'ingile Constant Lambert ya jera sunan Ellington kusa da na Ravel da Stravinsky a littafinsa na sharhin kiɗa. Daga baya Bafaranshe André Hodeir ya keɓe babi guda na littafinsa Hommes et problèmes du jazz na 1954 ga Concerto for Cootie, wani faifai na 1940. Wanda ya saurari wannan faifai zai ji kakakin Cootie Williams yana magana da murya uku: a toshe cikin raɗa, a cikin gurnani, sannan a buɗe tangararan, sauran makaɗa suna amsa masa daidai gwargwado. Sunan konsato daga Turai aka aro shi, haka ma tunanin a tsayar da gwani guda gaban jama'a. Amma aikin ba a rubuta shi don kakaki ba, an rubuta shi don Cootie. Takardun Ellington da ke ajiye a gidan tarihi na Smithsonian a Washinton tun 1988 suna tabbatar da haka: a gefen layuka, inda mai tsara kiɗan Turai zai rubuta sunan abin busa, shi laƙabin mutum yake rubutawa.

Nan ne tushen bambancinsa da duk waɗanda suka gwada haɗin kafin shi. Ƙungiyar ita ce abin kiɗansa na gaskiya. Harry Carney, mai busa babban saksofon, ya zauna da shi daga 1927 zuwa 1974, shekara 47. Da kasuwar manyan ƙungiyoyi ta faɗi bayan yaƙin duniya na biyu, takwarorinsa da yawa suka sallami mutanensu, shi ya ci gaba da biyan albashi daga kuɗin da waƙoƙinsa ke kawo masa, don ya iya jin abin da ya rubuta da dare idan gari ya waye.

Daren Carnegie Hall

Sha'awar dogon aiki ta daɗe tare da shi. Creole Rhapsody na 1931 ya cinye fuska biyu na faifai. Reminiscing in Tempo na 1935, wanda ya rubuta cikin jimamin rasuwar mahaifiyarsa, ya cinye huɗu, kuma tun a lokacin mai sharhi John Hammond ya zarge shi da juya wa mutanensa baya. Black, Brown and Beige shi ne ƙololuwar wannan buri.

Kashi na farko, Black, shi ne ya fi tsayuwa da ƙafarsa. Yana buɗewa da bugun ganga mai nauyi kamar saukar guduma, da karin waƙar aiki da makaɗa ke miƙa wa juna. Sai kiɗan ya lafa, a shiga Come Sunday, addu'ar bayin da ke tsaye a wajen coci, inda biyolin Ray Nance ke share fage, saksofon Johnny Hodges ya ɗauki karin a hankali yana jan kowane sauti kamar mai tsoron kada ya fashe. Daga nan sai karin aikin da karin addu'ar su sake dawowa, su sarƙe da juna. Wannan gini ne na gaske, kuma duk wanda ya ce ba shi da fasali bai saurara da kyau ba. Kashi na biyu, Brown, yana tuna sojojin Haiti da suka yi yaƙi a Sabana a 1779, da murnar ƴanta bayi, da wata waƙar bulus da Betty Roché ta rera. Kashi na uku, Beige, wanda ke zana Harlem, nan ne masu suka suke da hujja. Raye-raye ne ke bin juna, ɗinkin da ya haɗa su a fili yake, kuma an kammala aikin cikin ƴan makonni ana tsakiyar yawon wasanni.

Kuskuren masu sharhi irin su Paul Bowles shi ne sun shiga zauren suna neman sinfoni, wato aikin da ake ɗaukar ɗan ƙwayar kari a juya ta, a faɗaɗa ta, har ta haifi ginin duka. Ellington bai yi alkawarin haka ba. Tunaninsa na mai zane ne da na mai ba da labari: ya ajiye launi kusa da launi, babi bayan babi. Shi kansa ya kira aikin abin da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da tarihi. Sai a 1977, bayan rasuwarsa, aka fitar da cikakken faifan wannan dare, mutane suka sami damar yin hukunci da kunnensu.

Aikin da ya rama masa shi ne Harlem, wanda ya rubuta a 1950, mai tsawon kimanin minti 14. Kakaki ne ke buɗe shi da sauti biyu da ke furta sunan unguwar, kuma daga waɗannan sauti biyu mafi yawan abin da ya biyo baya ya tsiro: yawon titi, rawa, jerin gwanon jana'iza, waƙar coci. A nan ya yi abin da aka ce ba zai iya ba, ya kuma yi shi da mutanensa. A ganina shi ne mafi cikar dogayen ayyukansa.

Inda rigar aro ta gaza

An nemi Harlem ne tun farko domin ƙungiyar sinfoni ta gidan rediyon NBC da Arturo Toscanini ke shugabanta, amma Toscanini bai taɓa jagorantar kaɗa shi ba. Ellington ya ci gaba da neman haɗa mutanensa da manyan ƙungiyoyin Turai. Ya rubuta Night Creature a 1955, kuma a 1963 ya naɗi faifai da makaɗan sinfoni na Faris da Hambug da Istokholm da Milan. Waɗannan ayyuka suna da daɗin ji, sai dai kunne yana gane cewa masu biyolin baƙi ne a gidan. Suna cika sarari, suna ƙara kauri, amma labarin yana bakin Hodges da Carney. Ba shi ne ma ke raba wa makaɗan sinfoni aiki da hannunsa ba; Luther Henderson, wanda ya yi karatu a makarantar Juilliard, shi ya ɗauke masa wannan nauyi a Harlem da Night Creature. Dalilin a fili yake. Mutumin da ya saba rubuta wa wane da wane ba ya samun abin kamawa in aka ajiye masa masu goge 30 da aka horar don su zama murya guda. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Inda aron ya yi kyau shi ne inda aka narkar da shi. A Such Sweet Thunder na 1957, wanda aka gina kan mutanen wasannin Shakespeare, akwai kashi huɗu da aka tsara bisa ƙirar sonne, waƙar nan mai layi 14 da ɗalibanmu na lise suka sani ta hannun Ronsard da Du Bellay. An ba kowane kari jimla 14, kowace jimla sauti goma, daidai da gaɓoɓin layin Shakespeare. Wanda bai san da lissafin ba zai ji turombon ko kilarinet yana zuba zance kawai. Ƙa'idar Turai tana nan a ɓoye kamar azara a cikin soro.

Hannu biyu a takarda ɗaya

Adalci ya wajabta a ambaci Billy Strayhorn, wanda ya shiga aikin a 1939 ya zauna har rasuwarsa a 1967. Shi ne ya yi karatun kiɗan Turai sosai a birnin Pittsburgh, shi ya san Debussy da Ravel ciki da waje, shi ya rubuta Take the A Train da ƙungiyar ke buɗe wasa da shi. Kaso mai yawa na Such Sweet Thunder da na juyin da suka yi wa Casse-Noisette na Tchaikovsky a 1960 daga alƙalaminsa ya fito. An daɗe ana cewa ba a iya rarrabe hannunsu, har sai da masani ɗan Holan Walter van de Leur ya bi takardun ɗaya bayan ɗaya, ya nuna a littafinsa na 2002 cewa kowa da salonsa. Akwai kuma makaɗa irin su Barney Bigard da Lawrence Brown da suka yi ƙorafin cewa karin da suka ƙirƙira ya zama waƙar da ta yi suna ba tare da sun sami cikakken haƙƙinsu ba. Wannan tabo ne, bai kamata masu yabo su rufe shi ba. Yana kuma nuna cewa hoton gwani guda da ke zaune shi kaɗai da alƙalami, wanda aka gada daga Turai, bai dace da wannan gida ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma wanda ya san inda kowane hannu zai kama shi ne Ellington.

Hukuncin masu hukunci

A 1965 alƙalan kiɗa na kyautar Pulitzer suka ba da shawarar a karrama shi karramawa ta musamman. Hukumar kyautar ta ƙi, biyu daga alƙalan suka yi murabus. Ellington, yana da shekara 66, ya mai da abin raha, ya ce ƙaddara ce ba ta so ya yi suna da ƙuruciya. Sai a 1999, shekara 25 bayan rasuwarsa, hukumar ta ba shi abin da ta hana shi.

A duniyar masu Faransanci kuwa ba a jira haka ba. Senghor ya kira sunansa da na kiɗansa Solitude a cikin wata waƙa ta Chants d'ombre na 1945. Boris Vian ya ɗauko sunan Chloé, tauraruwar L'Écume des jours na 1947, daga wani faifansa. A 1947 Ellington ya rubuta Liberian Suite don cikar Laberiya shekara 100. A watan Afrilu na 1966 ya kai ƙungiyarsa Dakar, bikin farko na fasahar baƙar fata ta duniya, da sabon kiɗa mai suna La Plus Belle Africaine. A 1967 ƙasar Togo ta buga kan sarki da hotonsa a jeri guda da Bach da Beethoven da Debussy, shi kuma ya rama alherin da Togo Brava Suite a 1971. Ma'aikatar wasiƙu ta Lome ta riga hukumar Pulitzer da shekara 32.

Abin da ya rage

Ellington ya rasu a Niyok ranar 24 ga Mayu 1974, ya bar ayyuka fiye da 1,000. Carney ya bi shi bayan wata huɗu da rabi. Nan ne ƙarfin hanyarsa ya zama matsalarta. Aikin Beethoven yana jiran duk wanda ya iya karatu. Come Sunday kuwa an auna shi ne da numfashin Hodges, wanda ya rasu a 1970. In sabon mabushi ya kwaikwaye shi sak, ya saɓa wa ruhin jaz. In ya busa da muryarsa, launin da aka tsara ya sauya. Tun tsakiyar shekarun 1990 cibiyar jaz ta Lincoln Center a Niyok take rarraba wa makarantun sakandare takardun kiɗansa, waɗanda aka kwafo da yawansu daga faifai, yara suna koyo suna gasa. Aiki ne mai kyau, ya kuma tabbatar da cewa ginin yana tsayawa ko masu shi sun tafi. Amma duk malamin da ke koyar da su ya san takarda kaɗai ba ta isa, sai an haɗa da faifan, domin rabin aikin yana cikin abin da alƙalami ba ya kamawa.

Ƙungiyoyinmu na raya al'adu da ke fafutukar adana kiɗa da waƙa a rubuce suna da abin dubawa a nan. Rubutu yana tsare tsari, naɗin murya yana tsare mutum, kuma sunan wanda ya busa ko ya kaɗa yana cikin aikin, ba ƙari ba ne a gefensa. Malamin da ke son gabatar da Ellington ga ɗalibai zai iya yin haka cikin darasi guda: Concerto for Cootie na 1940, sai Come Sunday kamar yadda aka naɗe shi a daren 1943, sannan Harlem. Duka ukun ba su kai rabin awa ba, kuma sun isa a ji yadda ɗan Washinton da bai shiga babbar makarantar kiɗa ba ya karɓi alƙalamin Turai ya rubuta muryoyin gidansu da shi.